Shin Farantin Sola Na Amorf Ya Fi Dacewa Da Zafin Arewacin Kamaru?

Sani_Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin wutar sola da ke cikin wannan zaure. Wasu masu sayar da kayan sola suna cewa farantin nan mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, wanda ba shi da murabba'an da ake gani a jikin faranti na yau da kullum da ake kira mono da poli, wanda suke kira amorf, shi ne ya fi dacewa da ƙasarmu, domin wai zafi ba ya rage masa ƙarfi, kuma yana ci gaba da ba da wuta ko da hazo ya rufe rana. Sun ƙara da cewa an inganta shi ƙwarai a shekarun baya-bayan nan. Kwamitin masallacin unguwarmu yana shirin sayen faranti domin fitilu da fankoki da lasifika, kuma ni aka ɗora wa alhakin bincike kafin a taɓa kuɗin jama'a. Ina roƙon wanda ya san gaskiyar lamarin ya warware mana ita.

Injiniya_Bello_Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Maganar da aka gaya maka tana da tushe, amma an faɗi rabinta an bar rabi. Mono da poli da amorf duka daga silikon ake yin su. A cikin mono, ƙwayoyin zarrar silikon a jere suke kamar bulo a katangar da ƙwararren magini ya ɗora, a cikin amorf kuwa a hargitse suke, babu jeri mai nisa. Wannan hargitsin yana sa amorf ya sha hasken da ido ke gani fiye da mono nesa ba kusa ba, har ya zama shafen da kaurinsa bai kai maikiromita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ya isa a yi ƙwayar sola, alhali yankan silikon da ke cikin mono yakan kai maikiromita 130 zuwa 180. Ana shafa shi ne a kan gilashi ko siririn ƙarfe ko roba daga iskar gas da ake kira silan, a zafin da bai wuce digiri 200 da 'yan kai ba.

Game da zafi, ana auna wat ɗin da ake rubutawa a bayan kowane faranti ne a digiri 25, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan murabba'in mita. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da iskar Garwa ke haura digiri 40, farantin da ke kan kwano yakan kai digiri 65. Mono yana rasa kimanin kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri da ya ƙaru a kan 25, amorf kuwa kimanin kashi 0.2. Saboda haka a digiri 65 mono ya rasa kashi 14 zuwa 16, amorf ya rasa kashi 8. Har nan mai sayarwa ya yi gaskiya. Abin da bai faɗa ba shi ne amorf na kasuwa yana mayar da kashi 6 zuwa 8 ne kawai na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, mono na yanzu kuwa yana haura kashi 20. Murabba'in mita guda na amorf zai ba ka kimanin wat 64 a tsakar rana mai zafi, irin wannan fili na mono kuma zai ba ka kusan wat 175 duk da asarar da ya yi.

Alhaji_Mai_Sola_Kusiri:
Ni sana'ata ke nan, kuma ina tabbatar da abin da Injiniya ya faɗa. Kayan da ke zuwa mana yanzu, ko ta Duwala suka biyo ko ta Najeriya, kusan dukkansu mono ne, poli ma ya fara wuyar gani. Amorf da nake gani a yau shi ne ɗan ƙaramin da ke manne a kan fitilar hannu da rediyo da kalkuleta. Idan wani ya kawo muku manyan faranti na amorf masu yawa, Malam Sani, ku fara tambayarsa shekarar da aka ƙera su da kuma inda suka kwana kafin su iso hannunsa, domin akwai tsofaffin da ake cirowa daga gine-ginen Turai a sayar a matsayin sababbi.

Hajiya_Asabe_Gidar:
Ni ban san lissafin ba, amma na yi amfani da ƙaramin faranti irin wannan wajen cajin wayoyi a shagona. Da farko yana cika batir tun kafin azahar, daga baya sai ya koma har la'asar bai cika ba, alhali bai fashe ba kuma kullum ana goge shi. Na ɗauka batirin ne, aka canza, abin bai koma yadda yake ba. Ina so masana su gaya mini ko haka ɗabi'arsa take ko kuwa marar kyau aka sayar mini.

MalamGarba_Lise:
Hajiya, abin da kika gani sananne ne, har yana da suna a littattafan kimiyya. A shekarar 1975 Walter Spear da Peter LeComber na Jami'ar Dundee da ke Sikotlan suka nuna cewa ana iya sarrafa yadda amorf ke ɗaukar lantarki ta hanyar sa masa sinadarin fosforos ko na boron, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. A 1976 David Carlson da Christopher Wronski suka ƙera ƙwayar sola ta farko da shi a ɗakin binciken kamfanin RCA a Amurka, kuma kashi 2.4 cikin ɗari kacal take mayarwa. Shekara guda bayan haka, a 1977, David Staebler da shi Wronski suka gano cewa hasken da kansa yana raunana wannan abu. Dalili shi ne a cikin hargitsin da Injiniya ya ambata akwai ƙwayoyin silikon da suka rasa abokin riƙo, kuma haidurojin da ke shiga tare da gas ɗin silan shi ne ke toshe waɗannan guraben. Idan haske ya daɗe yana duka, wasu daga cikin raunanan haɗe-haɗen suna tsinkewa, guraben su ƙaru, su riƙa kama lantarkin kafin ya fita zuwa waya. Faranti yakan rasa kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari a watanninsa na farko, sannan ya tsaya a nan.

Kamfani mai amana yana rubuta ƙarfin da farantin zai tsaya a kai bayan wannan raguwar, ta yadda sabon faranti zai ba da fiye da abin da aka rubuta. Marar amana yana rubuta ƙarfin ranar farko. Idan kuma raguwar ba ta tsaya ba, ki duba gefunan gilashin, domin idan ruwan damina ya samu hanyar shiga, yana cin siririn shafen daga gefe, kuma za ki ga launin ya kode a wurin.

Habu_Injamena:
Malam Garba, na taɓa jin cewa zafi yana warkar da wannan raunin. Idan haka ne, ashe mu da muke Injamena da Kusiri, inda babu abin da ya fi zafi yawa, muna da riba a kan mutanen Turai.

MalamGarba_Lise:
Haka ne, Malam Habu, amma da iyaka. Staebler da Wronski sun nuna cewa idan aka gasa shi a kimanin digiri 150 na 'yan sa'o'i yana komawa yadda yake. Rufin gida ba ya kai wannan zafin, sai dai a digiri 60 zuwa 70 ma wani ɓangare na raunin yana warkewa a hankali, shi ya sa a ƙasashen da ke da sanyi ake ganin amorf yana ƙara ƙarfi da bazara ya ragu da hunturu. A wurinmu zai tsaya a matakin da ya ɗan fi na Jamus ko Faransa. Wannan riba ce ta gaske, amma ba za ta mayar da kashi 7 ta zama kashi 20 ba. Kada kuma wani ya karanta wannan ya kai farantinsa kusa da wuta, domin robar da ta rufe shi da mahaɗar wayoyinsa za su lalace tun kafin a kai ga warkewa.

Zainabu_Politeknik:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a fannin makamashi a nan Marwa, kuma ina so in taɓa batun hazo da Baba Sani ya kawo, domin ba a amsa shi ba. Gaskiya ne amorf yana aiki da kyau a haske mai rauni, kuma ya fi son ɓangaren haske mai shuɗi-shuɗi, wanda ke rinjaye idan gajimare ya rufe sama. Shi ya sa kalkuleta ke aiki da hasken fitilar ɗaki, kuma tun 1980 kamfanin Sanyo na Japan ya fara sa shi a cikinta. Amma gajimaren Agusta daban, ƙurar hunturu daban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, ba a sama kawai take tsayawa ba, tana kwanciya a kan gilashi, kuma idan ta kwanta ba ta tambayar ko mono ne a ƙarƙashinta ko amorf. Wanda ya sayi amorf zai goge fili ninki uku kafin ya samu wutar da mai mono ke samu, a lokacin da ruwa ya fi tsada a unguwanni da yawa.

Dattijo_Pitoa:
'Yata Zainabu ta yi magana mai ma'ana. Ni na yi aikin lantarki har na yi ritaya, kuma na ga lokacin da ake ganin amorf shi ne zai gaji duniya. A 2008 farashin tataccen silikon ya haura dala 400 a kilo ɗaya, sai kowa ya ce mafita ita ce fasahar da ke cin silikon kaɗan. Kamfanin Applied Materials na Amurka ya fito da injunan da ke shafa gilashi mai faɗin murabba'in mita 5.7, kamfanin Oerlikon na Suwizalan ya fito da nasa. Masu bincike ma sun yi rawar gani: a Jami'ar Neuchâtel, a 1994, aka ɗora shafen amorf a kan wani shafe na silikon mai ƙananan kiristal, na sama ya sha shuɗin haske, na ƙasa ya sha ja, kuma raguwar da Malam Garba ya bayyana ta yi sauƙi saboda na saman ya ƙara siranta. Sai masana'antun Sin suka buɗe, farashin silikon ya faɗi warwas, mono da poli suka yi arha. Applied Materials ya daina wannan sana'a a 2010, kamfanin da ya mallaki Uni-Solar, mai ƙera faranti na amorf, ya karye a 2012, sashen sola na Oerlikon kuma aka sayar da shi ga Tokyo Electron, wanda ya rufe shi a 2014. Ba ilimin ne ya gaza ba, kasuwa ce ta juya masa baya.

Musa_Yagwa:
Baba, ina da tambaya ko da za ta ɗan karkata. Tunda silikon daga yashi yake, kuma amorf kaɗan yake ci, me zai hana a kafa masana'antarsa a nan? Yashin da ke mayo-mayon Marwa da bakin kogin Logon ba ya ƙarewa.

Injiniya_Bello_Marwa:
Ƙanena Musa, yashi shi ne mafi arha a cikin lissafin. Ana fara narka ma'adinin kwaz mai tsabta, wanda shi ne ya fi yawa a cikin yashi, da gawayi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2000, sannan a tace, sannan a mayar da shi gas ɗin silan, wanda ke kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Shafawar kuma a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska ake yin ta, sannan a yanka shafen da hasken leza zuwa dogayen layuka, kuma duk wannan yana bukatar lantarkin da ba ya yankewa ko na minti ɗaya. Yankinmu ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwan Binuwai ya ja baya. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne ƙera ƙafafun ɗora faranti da gyaran regilata, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke fitowa daga faranti, da horar da masu sakawa. Ka lura kuma cewa tashoshin sola na Marwa da Gidar, waɗanda aka kammala a 2023 da kimanin megawat 36 a haɗe, da silikon mai kiristal aka yi su, alhali masu su sun san zafinmu sarai.

Sani_Garwa:
Allah ya saka da alheri. Amma bari in dawo da ku kan tambayata. Ke nan maganar cewa an inganta amorf a 'yan shekarun nan ƙarya ce tsagwaronta?

Zainabu_Politeknik:
Ba ƙarya ba ce, Baba, sai dai ci gaban ya bi wata hanya da ba wadda mai sayarwa yake nufi ba. A matsayinsa na faranti mai zaman kansa, amorf ya kusa tsayawa: a cibiyar bincike ta AIST a Japan an kai ga mayar da kashi 10.2 na haske zuwa wuta da shafe ɗaya a 2014, da kimanin kashi 14 da shafe uku a 2016, kuma waɗannan ƙananan ƙwayoyi ne na ɗakin gwaji. Inda ya yi nasara ta ban mamaki shi ne da aka haɗa shi da mono. Fuskar yankan mono tana da guraben da ke cinye lantarki, sai injiniyoyin Sanyo suka gano cewa idan aka shafa amorf mai kaurin nanomita 5 zuwa 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) a fuska da baya, haidurojin ɗinsa yana toshe waɗannan guraben fiye da kusan duk wata dabara. Sun fara sayar da wannan haɗin a 1997 da sunan HIT, kuma da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare wajen 2010, wasu kamfanoni suka shiga, ana kiransa HJT. Panasonic ya kai kashi 25.6 a 2014, Kaneka ya kai 26.7 a 2017, LONGi na Sin ya kai 26.81 a 2022, sannan 27.3 a 2024, alhali iyakar da lissafi ya ba silikon shi kaɗai ita ce kimanin kashi 29.4. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne HJT yana rasa kimanin kashi 0.25 ne kawai a kowane digiri, wato ya ɗauko mafi yawan juriyar zafin amorf ya haɗa da ƙarfin mono.

Alhaji_Mai_Sola_Kusiri:
'Yata, ilimin nan naki daidai ne, amma ki bar ni in faɗi na kasuwa. HJT ya fi tsada, domin yana cin azurfa da yawa, ga kuma wani ƙarfe mai suna indiyom da ke cikin shafensa na waje. Bambancinsa da mono mai kyau a digiri 65 bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari ba, kuma sau da yawa ƙarin faranti guda na mono ya fi arha a kan wannan bambancin. Sannan takardar da ake mannawa a bayan faranti kowa yana iya buga ta. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Ku sa a auna muku bolt da amfiya a rana tsaka kafin ku biya.

Mai_Albasa_Meskin:
Ni ban yarda a yi watsi da amorf gaba ɗaya ba. Ku mutanen gari rufi ne ke ƙuntata muku, mu a gona fili ba matsala ba ne. Idan zan samu wat 1000 na amorf da kuɗin da bai kai na wat 1000 na mono ba, kuma Injiniya da kansa ya ce a zafi amorf ya fi riƙe ƙarfinsa, to a kan kowane wat da na saya ni ne da riba wajen tura famfon ban ruwa a watan Maris, lokacin da albasa ta fi bukatar ruwa.

Injiniya_Bello_Marwa:
Alhaji Mai Albasa, hujjarka tana da ƙarfi, kuma a kan kowane wat ka yi gaskiya. Sai dai ka sa ƙarfen ɗorawa da waya da shingen tsare dabbobi a lissafi, domin wat 1000 na amorf zai ci kimanin murabba'in mita 14, na mono kuwa bai kai 5 ba. Akwai kuma batun bolt. Da yake layuka masu yawa ake jerawa a gilashi ɗaya, wasu manyan faranti na amorf suna fitar da fiye da bolt 60, kuma ƙaramin regilata na gama-gari ba zai ɗauke su zuwa batir mai bolt 12 ba, sai irin da ake kira MPPT, wanda ke sauke bolt mai yawa zuwa wanda batir ke bukata. Wani abin da ya kamata mai sakawa ya sani shi ne inuwar da ta gitta dukkan layukan kaɗan take ragewa, amma wadda ta rufe layi ɗaya daga sama har ƙasa tana iya shaƙe farantin duka, don haka yadda aka kwantar da shi yana da muhimmanci.

MalamGarba_Lise:
Ina so in ƙara wa maganar Alhaji Mai Albasa nauyi da abin da ya faru a Kenya. A shekarun 1990 ƙananan faranti na amorf masu wat 12 zuwa 14 su ne suka buɗe wa talakan karkara ƙofar sola a can, domin su ne kuɗinsa ke iya kaiwa. Da masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bi gidaje suna aunawa, sun tarar wasu samfura suna ba da kusan abin da aka rubuta, wasu kuma sun gaza nesa. Fasaha ɗaya ce, masu ƙerawa ne suka bambanta. Mai yiwuwa abin da ya sami Hajiya Asabe ke nan.

Habu_Injamena:
Akwai wani amfani da ba a ambata ba. Masunta a Tafkin Cadi da makiyayan da ke tafiya da dabbobi ba sa iya yawo da gilashi. Uni-Solar da Baba Dattijo ya ambata yana yin faranti mai shafe uku a kan siririn ƙarfe, wanda ake naɗewa, kuma ba ya fashewa idan ya faɗi. A ganina wannan bukatar tana nan ko da kamfanin ya tafi.

Alhaji_Mai_Sola_Kusiri:
Bukatar tana nan, Malam Habu, amma masu lanƙwasuwa da ke shigowa yanzu galibi mono ne da aka rufe da roba, kuma idan aka cika lanƙwasa su ƙwayoyin suna tsagewa a ciki ba tare da ido ya gani ba. Masu saye da yawa suna ɗaukar su amorf ne. Ka duba da kyau, idan ka ga murabba'ai da siraran layukan azurfa, mono ne.

Sani_Garwa:
Na fahimta gwargwado. Rufin masallacinmu yana da faɗi, amma rabinsa yana samun inuwar bishiyar darbejiya bayan la'asar, kuma jama'a ba za su yarda a sare ta ba. Zan kai wa kwamiti maganar mono da HJT, in kuma nemi a nuna mana shekarar ƙera amorf ɗin da aka yi mana tayi.

Injiniya_Bello_Marwa:
Kafin ku zauna, Malam Sani, ka rubuto mana yawan fankoki da fitilu da wat ɗin kowanne, da sa'o'in da suke aiki, musamman na dare a watan azumi. Ina kyautata zaton batir ne zai fi cin kuɗinku ba faranti ba, kuma zafin ɗakin da za ku ajiye shi zai fi rage masa kwana fiye da yadda yake rage ƙarfin kowane irin faranti.

Mai_Albasa_Meskin:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da gona. Idan mai tayin nan yana da faranti masu yawa kuma masallaci bai ɗauka ba, Malam Sani, ka tambayo mini farashin kowane wat da bolt ɗin da aka rubuta a baya, Injiniya ya duba mini ko regilatan famfona zai ɗauka.